Gugar Darakta

Wata uku da yin ritayar Baba, Mama ta kira mu a waya ɗaya bayan ɗaya, ta ce mu zo gida ranar Asabar, ko mu ɗauke mata ubanmu ko mu nema masa abin yi, ita dai ta kai maƙura.

Shekara talatin da biyar Baba ya yi yana aikin gwamnati, sha ɗaya na ƙarshe yana darakta a hawa na huɗu, da sakatariya da direba da masinja mai kawo masa shayi. Ranar da zai bar ofis aka haɗa masa walima, aka ba shi agogon hannu mai ruwan zinare, aka yi ta jawabi ana rantsuwa ba za a taɓa samun mai maye gurbinsa ba. Ranar Litinin aka samu. Shi kuwa ya kwaso daraktancinsa kaf ya dawo da shi gida, inda ba shi da ma'aikaci ko ɗaya sai Mama. Ya fara da kicin, ya jera gwangwanaye bisa tsawo, ya manna wa kowanne takarda. Ya koma kan lokacin cin abinci. Abin da ya sa Mama ta ɗauki waya shi ne takardar da ta tarar a jikin firij, da sa hannu da kwanan wata, ana neman ta yi bayani cikin awa ashirin da huɗu kan dalilin da ya sa sukari ke ƙarewa kafin wata ya ƙare.

Mu uku ne. Yaya shi ne babba, shekararsa talatin da uku, yana da digiri biyu a kan kasuwanci, ya kuma buɗe kamfanoni uku, duka ukun suna cikin jakar da yake yawo da ita. Auta ya kusa talatin, amma in ba ka shiga wayarsa ba ba za ka same shi ba. Ni ce ta tsakiya. Shekara tara na yi a bayan kantar wani shagon magani, har mai shagon ya sayar da shi ya bar ni da tsayuwar da na saba.

Muka zauna a falo. Baba ya ce ba za a fara ba sai an sami mai rubuta abin da aka tattauna, ya miƙo mini littafi da biro ba tare da ya tambayi kowa ba.

Yaya ya ce a shigo da kayan gini daga waje. Ya yi minti arba'in yana bayani, ya zana da'ira uku a takarda, ya haɗa su da kibiyoyi. Auta ya ce a yi manhajar waya, da aka tambaye shi ta mece ce ya ce wannan daga baya za a gano. Mama tana bakin ƙofa tana ninke tawul, ba a ma sa ta cikin taron ba.

Ta ce, "Duk layin nan babu mai wanki da guga. Matar likitan can sai ta hau mota take kai kayanta."

Baba ya dube ta ta saman tabarau. "Wanki? Ni?"

"To ba kai za ka wanke ba, Darakta. Inji ne. Kai dai ka zauna ka ba shi umarni."

Ban sani ba ko ya gane zolayar, amma maganar ba da umarnin ta shige shi. Kafin a tashi ya sa na rubuta cewa shawarar daga kujerar shugaba ta fito.

Da kuɗin sallamarsa aka kama shago a bakin titi, tsakanin mai gyaran waya da mai aski. Ɗaki biyu ne, babba da ƙarami. Baba ya zagaya, ya buga bango da yatsa kamar wanda ya san gini, ya ce babban ɗakin shi ne ofis. Aka shigo da tebur mai durowa shida, da kujera mai juyawa, da fanka. Injinan wanki biyu da na busarwa da teburin guga aka cusa su a ƙaramin, ta yadda in kana son buɗe inji sai ka fara matsar da kwando da ƙafa.

Sai rabon muƙamai. Baba shugaba. Yaya daraktan tsare-tsare. Auta daraktan hulɗa da jama'a. Ni aka ba ni daraktar ayyuka, na ji daɗi har na gaya wa mijina, kafin na gane ma'anarsa ita ce duk abin da za a taɓa da hannu nawa ne. Ranar buɗewa muna da daraktoci huɗu da katin shaida mai igiya a wuyan kowa, babu mai guga ko ɗaya.

Muka ɗauki wani mai guga, dattijo mai fama da ciwon ƙafa, wanda ya shekara ashirin yana sana'ar. Kwana tara ya yi. A na tara ya zo bakwai da minti goma, Baba ya ba shi takardar tuhuma a cikin ambulan. Mutumin ya juya ta gaba da baya, ya ce, "Yallaɓai, wannan ta mece ce?"

"Za ka ba da amsa a rubuce."

"To bari in je in nemo biro."

Har yau bai dawo da biron ba.

Gugar ta faɗo kaina. Ni kuwa Allah bai ba ni wannan baiwar ba. In na gyara hannun riga sai baya ya yamutse, in na koma baya sai gaba ya ɓaci. Wando ɗaya na taɓa yi wa kari biyu a ƙafa ɗaya, mai shi ya ɗaga shi a haske ya tambaye ni wanne zai bi. Masu kawo kaya suka fara raguwa. Yaya ya ce matsalar ta rashin tsari ce, ya kira taro. Kullum da safe sai an yi taro a babban ɗaki, ni ina tsaye a ƙofa ina jiyo injin yana kuka a bayana, su suna zaune suna tattauna dalilin da ya sa aiki ba ya tafiya.

Wata Laraba da rana, Yaya ya fita ganin wasu da yake kira abokan hulɗa, Auta ya je ɗaukar hoton allon shagon a karo na ba adadi, ina fama da wata farar riga mai kwala. Sai na ji numfashi a bayana. Baba ne, hannuwansa a baya, kamar yadda yake zagayen ofis a da.

"Uwata," haka yake kirana, "me kike yi wa rigar nan?"

"Guga, Baba."

"Wa ya ce miki daga gaba ake farawa?"

"To daga ina ake farawa?"

Ya ƙara tsayawa, ina jin yadda ransa ke tafasa duk lokacin da na ɗora dutsen. Da na danne kwalar ta naɗe a gefe, sai ya yi wani ƙara kamar an taka masa yatsa. Ya leƙa waje, ya ja labule, ya sa sakata. Ya naɗe hannun rigarsa.

"Kawo nan."

Ya juya kwalar ta ciki, ya bi ta daga gefe zuwa tsakiya, ya juyo. Ya kama kafaɗa ya ɗora a hancin tebur. Ya yayyafa ruwa da yatsu uku, ba ƙari. Dutsen da nake kokawa da shi kamar jaki, a hannunsa sai ya zama kamar yana tafiya da kansa. Cikin minti huɗu rigar tana rataye a hanga, kai ka ce yanzu aka ciro ta daga leda. Ya ɗauki ta biyu ba tare da na miƙa masa ba. Da ya kai ta goma sha biyu yana ɗan waƙe-waƙe a ƙasan maƙoshi, abin da ban taɓa ji ba tunda aka haife ni.

Na ce, "Baba, a ina ka koya?"

Ya ce tun yana ƙaramin akawu, riga biyu gare shi, kullum sai ya goge ɗaya. Da ya yi aure Mama ta goge masa sau ɗaya, ya sake gogewa a gabanta, ta rantse ba za ta ƙara ba, ta kuma cika rantsuwarta. Ashe duk shekarun da muke ganin Darakta yana fita tsaf, shi yake tashi da sassafe ya kulle ɗaki ya yi abinsa.

Ya sauke hannun riga, ya nuna ni da yatsa. "Wannan magana ta tsaya a ɗakin nan. Kin ji ko?"

Daga ranar muka sami tsari, ba irin na Yaya ba. Da an gama taron safe, kowa ya watse, Baba zai ce zai duba sashen ayyuka, ya shigo, a ja labule. Ni in karɓi kaya a kanta, in wanke, in shanya, shi ya goge. Cikin wata guda matar likita ta dawo, ta kawo ƙawayenta. Mai askin da ke gefenmu ya fara kawo fararen mayafansa. Yaya ya zana wani jadawali mai layin da ke hawa sama, ya manna a bango, ya yi mana bayanin yadda dabarunsa suka fara haihuwa. Baba ya gyaɗa kai ya ce a rubuta yabo ga sashen tsare-tsare. Na rubuta.

Auta ne ya tona asirin, kuma ba da gangan ba, don bai taɓa yin wani abu da gangan ba. Ya dawo da wuri wata rana, ya ga labule a ja, ya zura waya ta gefe ya ɗauki bidiyo. Shi a tunaninsa ya yi dabara, hannuwa kawai ya ɗauka, babu fuska. Ya sa kiɗa a kai, ya rubuta cewa ga ƙwararren mai gugarmu, ya saki a intanet. Abin da ya manta shi ne agogon. Duk wanda ya halarci walimar nan, da duk wanda aka cire wa wani abu a albashi don a saye shi, ya san agogon.

Kwana biyu wayar Baba ba ta huta ba. Bai ɗauka ba. Ya kulle kansa a ofis ya ce a gaya wa Auta an dakatar da shi har sai abin da hali ya yi. Auta ya ce to, ya koma gida ya kwanta, dama abin da yake nema ke nan.

Rana ta uku wata mota ta tsaya a ƙofar shago. Wani gajeren mutum mai tumbi ya fito da leda a hannu. Na gane shi, tsohon mataimakin Baba ne, wanda ya shekara takwas yana jiran kujerar da bai samu ba, don ya riga Baba yin ritaya da wata biyar. Ya zube wanduna uku a kanta yana murmushi har kunne.

"'Yata, Darakta na ciki?"

"Yana taro."

"Zan jira. Ai na saba jiransa." Ya ja kujera ya zauna. "Ki gaya masa so nake shi da kansa ya goge mini. A gabana."

Na shiga na gaya wa Baba. Fuskarsa ta yi kamar an watsa mata toka. Ya cire tabarau ya goge, ya mayar, ya sake cirewa. Na ɗauka zai ce in kore shi. Sai ya miƙe, ya gyara wuyan rigarsa, ya fito.

"A'a, Mataimaki! Kana nan da ranka?"

"Ina nan, ranka ya daɗe. Na ga aikin hannunka a waya, na ce ashe gwamnati ta yi asara, shekara talatin da biyar ta ajiye ka a inda ba nan baiwarka take ba."

Baba ya ɗaga wando ɗaya da yatsu biyu, ya duba ƙugun. "Ka ƙara ƙiba. Fanshon na karɓarka." Ya ajiye. "Guga iri biyu muke yi a nan. Akwai ta shago. Akwai ta Darakta, ita ninki uku ce, kuma kafin a fara ake biya."

Ban san lokacin da aka ƙirƙiro ta ba, ni da nake daraktar ayyuka. Na tabbata so yake mutumin ya ji tsada ya tafi. Mataimaki ya zaro walat ko ciniki bai yi ba. Aka janye labule, ya gyara zama, ya ɗora ƙafa ɗaya kan ɗaya, ya kalli tsohon maigidansa yana bin wandonsa da dutse. Har da cewa, "A ɗan ƙara dannawa a gwiwar nan, Darakta. Ban gamsu ba." Baba ya danna. Jijiyar wuyansa kaɗai ke motsi.

Da zai tafi ya ce rabonsa da jin daɗin kashe kuɗi irin na yau tun auren fari.

Mako bai zagayo ba labari ya gama tsofaffin ma'aikata. Sai ga su nan, ɗaya bayan ɗaya, wasu bibbiyu. Wanda Baba ya hana ƙarin girma. Wanda ya tura can wani ofishin bayan gari saboda ya yi dariya a taro. Direban da ya yanke wa albashin kwana uku saboda tayar mota ta fashe. Masinjan da ya kawo shayi babu zafi. Ni ban taɓa sanin ubana ya ɓata wa mutane da yawa haka ba, kuma ban taɓa sanin mutum zai hau mota biyu da kaya a leda don ya ga wani yana zufa ba. Wasu kayan a goge suke zuwa, sai a bakin ƙofa mai su zai cukuikuye su. Muka sayi benci. Mai gyaran waya ya fara sayar musu da ruwan sanyi.

Baba bai bar su sun ci bulus ba. Yana guga yana mayar da martani. Direba ya ce, "Yallaɓai, yau wa ke jiran wa?" Baba ya ce, "Har yanzu kai ke jira, ni nake aiki. Me ya canza?" Benci ya kwashe da dariya, har da direban. Wani lokacin sai musu ya kaure a kan wanda ya ɓatar da wani fayil shekara ashirin da suka wuce, a yi ta rantse-rantse, a tashi ba a gano ba. Ya rame kaɗan, amma ya daina shan maganin barci, ya kuma daina kiran taron safe, don babu lokaci.

Aka dawo da Auta bakin aiki saboda ana bukatar mai ba masu jira lambar layi. Yaya ya ce dama wannan shi ake kira gano kasuwar da babu mai ita, kuma yana cikin shirinsa tun farko, a shafi na tara.

Ranar wata Alhamis sai ga Mama, wadda tun da aka buɗe shagon ba ta taɓa taka shi ba. Ta sha kwalliya, da kwando a hannu. Ta wuce benci, ta dire kwandon a kanta.

"Ta Darakta nake so."

Na ce, "Haba Mama."

"Kuɗina ba ya kashewa ne?" Ta biya ninki uku cif, ta karɓi rasit, ta ce wa masinja ya matsa mata. Zannuwan gado ne da labulen falo da tsummokaran kicin. Baba ya dube ta, ta dube shi. Ya ɗauki tsumman farko. Awa ɗaya da rabi ta yi a zaune tana ba tsofaffin ma'aikatansa labarin takardar sukari, suna riƙe ciki. Da ya gama ta ɗaga labule ɗaya ta duba, ta ce ba laifi, yaron yana da ƙoƙari, a riƙe shi.

Ba duka ne suka zo da dariya ba. Wata safiya, benci babu kowa, wata mata ta shigo, za ta kai sittin, siririya, da jaka a ƙarƙashin hammata. Ta ciro ɗan ƙaramin gyale guda ɗaya, ta biya, ta ƙi zama. Baba ya gaishe ta, ta amsa a taƙaice. Ya shimfiɗa gyalen, ya bi shi sau biyu, ya ninke, ya miƙa mata.

Ta duba agogon bango. "Minti biyu. Ashe hannunka yana sauri."

Baba ya yi murmushin da yake yi wa 'yan benci, yana jiran zolayar.

Ta ce, "Ni ce mai buga takardu a hawa na biyu. Na nemi a mayar da ni garinmu, mahaifiyata tana kwance babu mai duba ta. Kowa ya sa hannu, saura kai. Wata bakwai takardar tana kan teburinka. Sau huɗu ina hawowa, sakatariyarka tana cewa kana taro." Ta sa gyalen a jaka. "Ranar da ka sa hannu, kwananta goma sha ɗaya a ƙasa."

Injin wanki ne kawai ke juyawa a bayanmu. Da ƙyar Baba ya ce, "Allah ya jiƙanta."

"Amin. Ba wani abu na zo nema ba. So nake in ga ko nauyi hannun yake da shi."

Ta fita. Ya daɗe a tsaye, dutsen na huci a gefensa, sai da na zare wayar dutsen daga bango. Can ya ce, ba tare da ya dube ni ba, "Uwata, kin san abin da ya fi damuna? Wallahi ban tuna ta ba. Ko fuskar, ko takardar."

Gaskiya ban ga dalilin da zai sa in lallashe shi ba. Na mayar da wayar na miƙo masa riga ta gaba.

Da yammacin ranar Yaya ya shigo da sabon shiri, da zane a babbar takarda. A fasa bangon gaba a sa gilashi, a ɗora teburin Baba a kan dandamali yadda masu wucewa za su gani, a sa fitila mai walƙiya a sama. Ya ce har ya samo jerin sunayen duk waɗanda suka yi aiki a ƙarƙashin Baba, mutum ɗari huɗu da wani abu, za a tura musu saƙo ɗaya bayan ɗaya. Auta ya ce za a iya buga riguna da hoton agogon.

Na ce, "Yaya, ubanka ne fa, ba biri ba."

"Ke ba ki san kasuwanci ba. Wannan dama ce."

Baba yana zaune yana murza kafaɗarsa ta dama, wadda ta fara damunsa tun makon da ya wuce. Ya bar shi ya kai ƙarshe. Sannan ya ce, "Cire kwat ɗin nan."

"Na'am, Baba?"

"Cire. Rataye ta can. Naɗe hannunka."

"Baba, ni ɓangarena..."

"Ɓangarenka ya rufe yau. Wata bakwai muna shagon nan, ban ga ka taɓa ko hankici ba. Shekarata sittin da huɗu, ni ke tsaye, kai kana zana mini kibiyoyi. Zo nan."

Yaya ya dube ni, na duba silin. Ya dubi Auta, Auta ya shige wayarsa. Haka mai digiri biyu ya tsaya a gaban tebur da tumbinsa, Baba a bayansa yana cewa daga kwala, daga kwala na ce, kai wane irin kai gare ka. Rigar farko ya ƙona ta a aljihu. Ta mai aski ce, ya kuwa ji ƙaurin daga shagonsa ya leƙo yana tambayar ko lafiya.

Ba a fasa bangon ba, ba a tura saƙon ba. 'Yan bencin ma da kansu suka fara raguwa. Ashe haushi ma yana ƙarewa in ana biyan ninki uku a kansa. Mataimaki ya zo sau shida, a na bakwai ya ce a ba shi ta shago kawai, fansho bai shigo ba. Direba da masinja suna zuwa har yanzu, amma ba sa kawo kaya, hira suke zuwa yi, Baba kuma yana saya musu shayi yana ƙorafin sun cika masa wuri. Matar nan ba ta sake dawowa ba. Na san ya nemi lambarta wajen tsohuwar sakatariyarsa, ya rubuta a takarda ya sa a aljihu. Ko ya kira, bai gaya mini ba, ni kuma ban tambaya ba.

Likita ya ce kafaɗar ba za ta ɗauki tsayuwar yini ba, don haka Baba safiya kawai yake yi. Yaya ke karɓa da rana. Ya iya wando yanzu, riga ce dai har gobe sai an bi bayansa, kuma ya fara gaya wa mutane cewa shugaba na gari sai ya san aiki tun daga tushe, kamar shi ya zaɓa. Auta yana kai kaya gidaje a babur, yana ɓata hanya aƙalla sau ɗaya a mako. Shagon bai sa mun yi arziki ba. Yana dai ciyar da gida huɗu, in an yi haƙuri da nama.

Watan jiya wani matashi da ya tare a sabon benen da ke bayanmu ya shigo a gurguje, da kwat a hannu, yana da ganawar neman aiki ƙarfe goma. Bai san kowa a layin ba. Ya leƙa ta kan kanta ya hango Baba.

"Baba mai guga! Don Allah a taimaka mini, sauri nake."

Ni da Yaya muka daskare. Direba da ke benci ya ajiye kofin shayinsa a hankali.

Baba ya ɗago, ya dubi yaron daga sama har ƙasa. Ya ce, "Kawo." Ya goge kwat ɗin, ya sa shi ya cire rigar jikinsa ma ya goge masa, ya ce ba a zuwa neman aiki da kwala a karye. Ya gyara masa ɗaurin lakataya da hannunsa, ya ce in an tambaye shi abin da bai sani ba ya ce bai sani ba, kada ya yi ta zuba. Yaron ya yi godiya, ya biya kuɗin guga ta shago, ya fita da gudu.

Baba ya bi shi da kallo har ya sha kwana. Sannan ya juyo gare ni.

"Ba zai samu ba," ya ce. "Kin ga takalminsa kuwa?"